Memorin da Na Kai Lome

Kunya ce ta sa surukina ya kwana huɗu a hannun hukuma a ƙasar mutane, matarsa tana cikin jego, kuma har yau ban huce ba. Duk mai ganin kunyar surukai ado ce, ya riƙe adonsa. Ni na ga abin da ta aikata da idona.

Tun da na dawo, 'yan ajinmu na makarantar manya ba su bar ni na huta ba. Yaya Lome? Da gaske teku ba ta da gaɓa ta biyu? Me ya ramar da ke haka? Duk wadda na ba rabin labari sai ta kai gaba ta cike sauran da nata. Har an kai Gwiwa, garin haihuwata, cewa wai da ƙwaya aka kama ni a iyaka. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ina da jikoki na shiga aji, hannuna ba ya sauri, amma abin da na rubuta ba mai juya mini shi.

Rakiya ce 'yar farina. Bakina bai taɓa kiran sunan nan ba, biro ne ba ruwansa. Mijinta Idrisu, ɗan Roni ne, tun yana saurayi ya bi kawunsa Lome, ya koyi Faransanci, ya samu aiki a wani kamfani mai babbar ma'ajiya, inda asibitoci da shagunan magani suke ɗaukar magunguna. Shi ke zama gaban kwamfuta yana shigar da abin da ya shigo da abin da ya fita. A baki, Baban Amira nake ce masa. Da ta haihu na uku, aka ce in je in zauna mata.

Na haɗa daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, kanwa, gero da man shanu. Sai kuma abu ɗaya da bai kai farcen babban yatsana ba: katin memori mai bidiyon bikin autata. A cikin bidiyon akwai mahaifiyar Idrisu, tsohuwa ce sosai, an kawo ta daga Roni, ta tsaya gaban mai ɗauka ta yi wa ɗanta magana, ta sa masa albarka. Ya shekara shida bai gan ta ba. Na naɗe katin a takarda, na ƙulle a bakin zanena.

Hajiya Tabawa ce ta ja ni hanya. 'Yar Babura ce, fataucin atamfa take yi, ta san hanyar kamar tsakar gidanta. Na ce mu bi ta Magarya mana, tunda ga iyaka nan a bayan gidanku. Ta ce, "Ke dai bi ni. Hanyar can yau a buɗe, gobe a rufe. Ta Legas za mu bi, ƙafarki ta kumbura amma ki isa."

Ta kuwa kumbura. Daga Kano muka shiga motar safa, na zauna a kujera har na manta ina da gwiwa. Zafin injin ya narkar da man shanuna, ya bi ta ƙasan kujera ya jiƙa jakar wani Bayarabe. Ya yi ta faɗa da yarensa, na yi ta ba shi haƙuri da nawa, daga ƙarshe ya shinshina jakar ya tambayi Tabawa ko na sayarwa ne. A Agege muka sauka gidan wata Bakatsiniya mai saukar fatake mata. Ɗaki ɗaya, mu bakwai, tabarma ta haɗu da tabarma, ga hayaniyar gari kamar ana kasuwar Kazaure a cikin kunnenka.

A iyaka ta farko aka zazzage mu. Wani ma'aikaci ya buɗe ƙullin daddawa, ya ja da baya kamar an mare shi, ya kira abokinsa ya zo ya gani. Sun soka ƙarfe a cikin gero, sun lasa kanwa, sun juya katin rigakafina gaba da baya. Takardar da aka ba ni, ni na cike abata, Tabawa tana cewa in yi sauri, na ce shekara hamsin ana cike mini, yau a jira ni. Duk binciken nan, ba wanda ya kalli bakin zanena. Ni ma ban ga dalilin da zai kalla ba.

Kwatano garin babura ne. Mata tsofaffi irina suna tuƙa nasu, da kwando a baya, ba mai juyowa ya kalle su. Burodinsu dogo kamar taɓarya, ga tauri. Daga nan teku ta fito mana ta hannun hagu, ta bi mu har iyaka ta biyu. Da muka shiga ƙasar su Rakiya, Tabawa ta zungure ni. "Kada ki yi gyangyaɗi. In kika rufe ido, a Gana za ki farka." Gaskiyarta. Faɗin ƙasar ta bakin teku bai kai daga Kazaure zuwa Kano ba.

A Zango, unguwar Hausawa, suke zaune, gidan haya mai ɗakuna a kewaye, famfo ɗaya a tsakiya. Hausa ake yi, amma irin tasu. Mace ma "ya zo" ake ce mata, na yi kwana biyu ina waiwaye ina neman namijin. Tuwonsu na masara ne mai tsami, da kifi, da barkonon da sai da na yi hawaye. Na dafa musu miyar kuka ranar da na huta, gidan duka ya leƙo.

Idrisu kuwa tun ranar da na sauka ya kwashe kayansa ya koma ɗakin wani abokinsa. Da safe zai zo ya durƙusa a bayan labule.

"Inna, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ke, ce masa a sayo gawayi."

Taku uku ne tsakaninmu, amma sai Rakiya ta maimaita masa. Matan gidan dariya suke mana. Azumi, maƙwabciyarsu, ta ce su nan da surukinsu suke cin tuwo a kwano ɗaya. Na ce Allah ya kiyaye, mu a gida ba mu lalace ba. Haka na faɗa, da bakin nan nawa.

Memorin ya ƙi buɗewa a wayar Rakiya, ya ƙi a tasa. Ni kuma na kafa naci. Kullum sai na ce, "Ke, ya ga uwarsa kuwa? Na ɗauko tsohuwa tun daga Jigawa a bakin zane, a ce ba a gan ta ba?" Ina faɗa da ƙarfi don ya ji ta labule. Ran Litinin ya karɓa ya fita da shi. Da yamma ya dawo ya durƙusa.

"Inna, na ga Iya. Allah ya saka da alheri."

Rakiya ta miƙo mini katin, na mai da shi inda yake. Na ɗauka a wurin wani abokinsa ya kalla. Ban tambaya ba.

Ran Laraba bai dawo cin rana ba. Bayan la'asar mota ta tsaya a ƙofar gida, 'yan sanda biyu suka shigo da wata mace doguwa mai gilashi, ba kayan sarki a jikinta, riga da wando kawai, idonta ja kamar ta kwana tana hura wuta. Madam suke ce mata. Tana jin Hausar kasuwa, ta ce a arewacin ƙasar ta tashi. Ta gaya wa Rakiya cewa mijinta yana hannunsu. Masu kutse sun shiga kwamfutocin kamfaninsu sun kulle komai, kuma ta kwamfutar teburinsa aka fara shiga.

Suka ɗaga katifa, suka buɗe akwatuna, suka zuba wayoyi a leda. Ina zaune da jariri a cinya. Madam ta russuna ta ce, "Sannu Mama, ki yi haƙuri da mu." Ba wanda ya taɓa ni. Suna fita Rakiya ta zube a ƙasa.

Ban san mene ne kutse ba sai a kwanakin nan. A gida ina jin kalmar a rediyo, ina ɗauka abin Turawa ne da manyan bankuna. A Lome na ga yadda yake shiga tukunyar talaka. Ma'ajiyar nan cike take da magani, amma ba wanda ya san wane kwali ne na wane asibiti, wanne ya kusa lalacewa, wanne aka riga aka yi alkawarinsa, domin duk sanin yana cikin na'urar da aka kulle. Aka koma takarda da biro. Ma'aikatan asibiti suna zuwa a kan babura da jerin magani a rubuce, suna layi tun safe. Mijin Azumi yana da ciwon suga, allurarsa ta ƙare, ta zaga shago huɗu ba ta samu ba. Ta dawo ta tsaya a bakin famfo, ba ta kalli ɗakinmu ba, ta ce, "Wani ya sayar da mu, yana salla a sahun gaba." Daga ranar ba wanda ya ƙara leƙo mu. Amira ta fita wasa, yara suka watse suka bar ta.

Rana ta uku aka bar Rakiya ta ga Idrisu. Ta dawo ta kwanta. Na dafa ruwan wanka, na dama kunun kanwa, ta kurɓa sau biyu ta ajiye. Nono ya fara ɗaukewa, jariri yana ta tsala ihu. Rana ta huɗu da hantsi, ina gasa mata jiki da ganye, na ji tana kuka ƙasa-ƙasa. Na ajiye ganyen.

"Ke, dube ni. Ya ci amanar mutane ne?"

"Wallahi Inna bai ci ba."

"To me ya gaya musu?"

"Ya ce a hanya ya tsinci wani memori, ya sa a kwamfuta don ya ga na waye, ya jefar."

"Wane irin sakarai ne zai tsinci abu a hanya ya..." Hannuna ya kai bakin zanena da kansa.

Ta riƙe mini hannu. "Ya ce in na gaya miki bai yafe ba. Ya ce gara a ɗaure shi da a ce ya kira sunanki a gaban 'yan sanda, ki zo ƙasar mutane a tozarta ki."

"A ofis ya kalla?"

"Nan ne kaɗai ya buɗe."

Na zauna a kan turmi. Kwana huɗu ina tsine wa masu kutse a zuci, ina kallon maƙwabta a matsayin azzalumai, ashe abin yana ɗaure a ƙuguna, da shi nake salla, da shi nake kwana.

Na aika aka kira Tabawa, don ba ta gama sayayya ba, tana masauki a bayan masallaci. Da ta ji, ta rufe ƙofa ta rage murya.

"Hajara, saurare ni. Teku tana nan kusa. Ki ba ni shi in jefa, gobe da asuba mu kama hanya. Ba su da shaida a kansa, za su gaji su sake shi. In kika kai kanki, ke baƙuwa ce, ba ki jin yarensu, ba ki da kowa. Wa zai fito da ke?"

"In ba su gaji ba fa?"

"Allah yana nan."

"Yana nan lokacin da na yi ta naci ma. Tashi ki raka ni, ko ki kwatanta mini."

Ba ta raka ni ba, kuma ban riƙe ta a zuci ba, tana da kaya a hanya da 'ya'ya a Babura. Rakiya ta faɗi sunan unguwar, na rubuta a takarda yadda kunnena ya ji, na tare ɗan acaba na nuna masa. Ban taɓa hawa babur da gudu irin wannan ba, ina riƙe da ƙarfen baya da hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan ƙullin.

Na zaci zan ga katafaren gini da sojoji. Wani bene ne tsoho, ofishin yana hawa na biyu. Ɗaki ɗaya ne mai faɗi, da tebura, da wayoyin lantarki a ƙasa kamar igiyoyin shanya. Mutanen ciki ba su kai 'yan ajinmu yawa ba. Ɗaya ya kifa kai a tebur yana barci da takalmi a ƙafarsa, ga kwanukan abinci da ba a wanke ba. Madam ta ɗago ta gan ni.

"Mama, ba a ganinsa yau."

"Ba shi na zo gani ba. Ke na zo gani."

Na kwance bakin zane a gabanta, na warware takardar, na ajiye katin a tebur. Wani ya miƙo hannu, ta daka masa tsawa da Faransanci, ya janye. Ta ɗauko wani ɗan ƙarfe kamar hantsaki ta ɗauke shi, kamar mai ɗaukar kunama.

"Na waye?"

"Nawa. Daga Kazaure na zo da shi. Bai tsinta a ko'ina ba."

Ta sa aka kawo mini kujera, aka karɓi takardun tafiyata aka sa a aljihun tebur, aka murɗa makulli. Ƙarar makullin nan har yanzu ina jin ta. Ta ɗauko takarda ta ce in faɗi sunana, na faɗa. Sunan 'yata. Na kau da kai. Sunan mijinta. Na ce ta ba ni biro in rubuta.

"Mama, na'ura tana ɗaukar murya. Sai kin faɗa."

Na kalli na'urar, na kalli ƙofar da nake zaton yana bayanta. Na ce, "Rakiya. Idrisu." Ban mutu ba. Rufin bai faɗo ba.

Suka sa katin a wata kwamfuta da ke can gefe ita kaɗai, wadda ba a haɗa ta da komai ba. Sai ga tsakar gidana a Lome, ga 'yan biki, ga ni da ashoben da bai karɓe ni ba, ga tsohuwa tana cewa, "Idi, ka ji tsoron Allah a inda kake." Wani mai gemu yana ta danne-danne, sai ya nuna wa Madam wasu rubuce-rubuce a gefe. Ta cire gilashi ta murza ido.

"Cutar tana ciki. A ƙarƙashin bikin take, ba a ganinta. Ana sa katin ta sauka, ta buɗe wa ɓarayi ƙofa, su kuma suna can wata duniya suna jira. Wa ya zuba miki bidiyon?"

Na ce Sabi'u mai waya, a kasuwarmu. Mutum ne magidanci, da rumfarsa da tsohuwar kwamfutarsa. Duk garin wurinsa ake zuwa a zuba karatu, wa'azi, waƙa, fim. Da malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da na sakatariya, kowa da ɗan katinsa.

"Ya san mijin 'yarki? Ya san inda yake aiki?"

"Bai san ma inda Lome take ba."

Ta yi ta juya tambayar nan ta fuska biyar. Wa ya ba ni kuɗin mota, wa na haɗu da shi a Legas, wa ya taɓa zanena a hanya. Har azahar ta wuce, na ce zan yi salla, aka nuna mini lungu. Da na idar, na ga ta zauna kusa da ni da kofin shayi biyu.

"Mama, kin ga ɗakin nan? Mu ke nan. In zazzaɓi ya kwantar da mutum biyu a cikinmu, ƙasar a buɗe take. Manyan ƙasashe suna da runduna ta wannan aiki, mu ba mu da ita, kuma wanda muka koyar ya ƙware, sai waje su ɗauke shi. Ba za mu iya bin ɓarawo har gidansa ba. Abin da muke iyawa shi ne mu rufe ƙofa da sauri. Ranar da abin ya faru, kafin la'asar mun yanke duk hanyar da ta haɗa ma'ajiyar da asibitoci, shi ya sa bai kai can ba. Amma saurin nan sai mutane sun gaya mana gaskiya da wuri. Kwana huɗu yarana suna duba hotunan titi, suna neman wanda ya yar da kati a hanyar surukinki. Mutumin da babu shi."

"Kunyata ya ji."

"Mu a nan, wanda aka saya ne yake cewa tsinta na yi."

Na ce a kawo surukina. Ta yi magana da ɗan sanda. Da ya shigo ya gan ni, sai ya nemi ƙasa zai durƙusa, ya juya fuska bango. Ya rame, rigar ran Laraba ce a jikinsa.

Na ce, "Idrisu, tashi ka dube ni."

Shi kansa sai da ya firgita, don bai taɓa jin sunansa a bakina ba.

"Matarka nono ya ɗauke. 'Yarka ba mai wasa da ita. Maƙwabcinka yana kwance ba allura. Duk don kada a ce ka ambaci surukarka? Ni na ce maka ina son irin wannan girmamawar? Buɗe baki ka gaya wa matar nan abin da ya faru, tun daga gawayi."

Ya faɗa, yana kuka, kansa a ƙasa. Bai iya cewa "ita ta kawo" ba, sai "daga gida aka zo da shi". Na dubi Madam na ce, "Ni ce gidan. Rubuta."

Da yamma suka sake shi, kawunsa ya tsaya masa, amma suka riƙe katin shaidarsa, kamfani kuma ya ce ya zauna a gida. Ni sai da na ƙara kwana biyu ina zuwa ina amsa tambaya kafin a buɗe aljihun teburin nan. Ranar da ta miƙo mini takarduna, Madam ta gaya mini inda maganar ta tsaya. Rahoto za ta rubuta, kuma ɗayan biyu ne. Ko dai sakaci ya yi, ya sa abin waje a kwamfutar aiki, wannan horo ne na kamfani. Ko kuma da saninsa aka shirya, aka fake da bikin, wannan kotu ce da shekaru. Ta ce ita ta yarda da ni, amma yardarta ba shaida ba ce.

"In gaskiya kika faɗa, cutar tana nan a kwamfutar mai rumfar, iri ɗaya sak. Ba ni da ikon tsallaka iyaka in duba. In na rubuta wa ƙasarku takarda, kafin ta bi ofis-ofis ta dawo, an riga an yanke masa hukunci."

"To a ba ni aikin."

Madam ta miƙe. Sannan ta ɗauko sabon kati a cikin ledarsa, ta sa hannu a kan ambulan, ta buga hatimi. Ta ce a buɗe a gaban shaidu biyu, a sa a kwamfutar Sabi'u, ba sai an zuba komai ba, in cutar tana nan da kanta za ta hau. A mayar a ambulan, shaidu su sa hannu, kada ya taɓa wata na'ura a hanya. Na ce ta faɗa a hankali. Na rubuta da Hausa, ɗaya bayan ɗaya, na karanta mata, ta gyara mini guda.

Ranar da zan taho, Azumi ta kawo mini soyayyen kifi a takarda. An samu allurar, mijinta ya tashi. Ba ta ba da haƙuri ba, ni ma ban nema ba, don da ni ce a matsayinta da na faɗi abin da ya fi nata. Idrisu ya raka ni tasha. Ya so ya tsaya daga nesa, na ce ya zo ya riƙe mini jaka, ya kuma gaya mini da bakinsa in akwai saƙo zuwa Roni. Ya ce in ce wa Iya yana lafiya. Na ce zan ce mata yana da taurin kai.

Dawowa ban ga teku ba, ban ga Kwatano ba. Ambulan yana cikin rigata, kowane shinge aka tsai da mu sai gabana ya faɗi, kada wani ya ce sai ya yage ya gani. A iyaka wani ya taɓa shi, na nuna masa hatimin, na ce in ya buɗe shi zai koma Lome ya yi bayani. Ya sakar mini. Tabawa, da muka dawo tare, ta ce za ta sake komawa bayan sati biyu, kuma ita za ta mayar wa Madam ambulan, ko don ta wanke abin da ta ce in yi. Na isa Kazaure da la'asar, ƙafa a kumbure, na yi wanka, na ƙi ganin kowa.

Washegari da safe na biya gidan malamarmu ta aji, na ɗauke ta, muka biya wurin mai unguwa, na yi musu bayani. Ya ce, "Hajara, ba za a bari a kira Sabi'u gefe cikin mutunci ba? Mutum ne mai iyali." Na ce, "Ranka ya daɗe, an gwada mutunci a Lome."

Sabi'u ya buɗe rumfa ke nan, mutum uku suna jira a benci. Na farkonsu ma'aikacin asibitinmu ne, da farar rigarsa, ya miƙa nasa katin ke nan.

"A'a, Inna Hajara! Mutanen Lome! Ina tsarabata?"

Na riƙe hannun ma'aikacin asibitin, na mayar masa da katin aljihunsa. Na ciro ambulan na ɗaga, mai unguwa ya gani, malama ta gani.

"Ga ta nan. Kunna kwamfutarka, Sabi'u, kada ka goge komai. Ku kuma ku matsa, yau ni ce ta farko, kuma bayana ba kowa."